Gambo Wanzamin Fiffike

A Tungar Ƙirya, wani ɗan ƙauye tsakanin Dumega da Tibiri, wanzamai biyu ne a shekarun da aka karɓi mulkin kai. Ɗaya yana aske kawunan mutane yana yi musu ƙaho. Ɗayan kuwa Gambo ne, wanda bai taɓa ɗora aska a kan ɗan Adam ba, amma babu zabuwa ko agwagwa ko tantabara a wannan yanki da ba ta san ɗumin hannunsa ba. Aikinsa rage fiffike. In zabinki sun fara bin na daji, ko ka sayo tantabaru suna neman komawa gidan tsohon ubangidansu, sai a aika a kira Gambo. Ya zo da almakashinsa a rataye a wuya kamar laya, ya yi abin da zai yi, a sallame shi da ƙwai ko ɗan gero.

Mutum ne gajere, mai faɗin ƙirji da ƴan ƙafafu sirara, har matan gari na cewa da ganin tafiyarsa ka san da wa yake yini. Gemunsa kullum fari ne, tun bai isa furfura ba. Toka ce.

Tokar nan tana da asali. Tun yana ƙarami, in uwarsa na sheƙa a masussuka, tantabaru kan sauko su yi ta tsince-tsince cikin ƙaiƙayi. In aka kore su suka tashi, sauran yara tsuntsayen suke bi da ido. Shi kuwa ƙasa yake kallo, inda ƙaiƙayin ke tashi yana naɗe kansa a ƙarƙashin kowane fiffike, ya yi zobe, ya gangara, ya watse. Da ya girma ya yi gidan kansa, sai ya ga toka ta fi ƙaiƙayi faɗin gaskiya. Kowace safiya yakan share wani fili a tsakar gida, ya rairaye tokar murhu a kai, ya jira rana ta ɗan ɗago ta yadda haskenta zai ratsa ƙura daga gefe. Sannan ya ajiye tsuntsu a tsakiya, ya tafa hannu, ya durƙusa yana kallo baki buɗe. Matarsa Altine takan ce ita kaɗai ce a Arewa da ake tambayarta tokar tuwo kafin a tambaye ta tuwon.

Abin da ya gani a cikin tokar, duk wanda ya taɓa zama kusa da shi ranar kasuwa ya ji shi, ko yana so ko ba ya so. Tantabara in za ta tashi, in ji Gambo, takan haɗa fikafikanta a bayanta su yi tas, sannan ta ɓare su kamar mai buɗe ƙorai biyu da aka kifa wa juna. Iska ta ruga cikin wurin da ya buɗe, ta murɗe a kan kowane fiffike. In ta bugo ƙasa, gashin a haɗe yake kamar faifai, sai ya turo iskar ta naɗe ta zama zobe. Wannan zoben shi Gambo ke kira gammo. In kuma za ta ɗaga, sai ta ɗan lanƙwasa fiffiken, gashin bakinsa ya rabu kamar yatsu, iska ta zurare ta tsakani ba ta danne ta ba.

"Tsuntsu ba tashi shi kai ba," haka yake faɗa, yana nuna sama da almakashi. "Gammo shika naɗawa shi jefa ƙasa, shi taka, shi naɗa wani. Matakala ce shika gina ma kainai."

Zabuwa, mai gajeren fiffike mai faɗi, manyan gammaye take jefarwa a gurguje da ƙara kamar ana kakkaɓe tabarma, shi ya sa kafin ta ƙetare gona guda ta gaji. Tsattsewa mai dogon fiffike siriri ba ta ma damu da gammo ba in ta miƙe. Ya gan ta tana ratsa hayaƙin sassabe, igiyoyi biyu sirara ne ke murɗewa daga bakin fikafikanta suna bin ta a baya. Ungulu kuwa yatsun bakin fiffikenta ke tsattsaga murɗin ya zama ƙanana, sai ta yini a sama ba ta biya ko gumi ba.

Kada a tambayi yadda ya san sauran. Gambo ba mugu ba ne, Allah ya sani, yana raba goro yana zuwa jana'iza. Son sani ne ya yi masa yawa, tsuntsaye kuma ba su da dangin da za su kai ƙara. Ya taɓa manne gashin wata tantabara da ƙaro don ya ga abin da zai faru in yatsun suka ƙi buɗewa. Ta yi tsalle ta faɗo, ta yi tsalle ta faɗo, har ta daina. Ya taɓa datse bakin fiffiken tsattsewa ya jefa ta daga kan rumbu. Daga nan ne ya gano abin da ya ci abinci da shi duk rayuwarsa: in ka rage fikafikai biyu daidai, tsuntsu zai ƙara bugu ne kawai ya tafi abinsa. In ka rage ɗaya, gammon wannan gefen ya ƙanƙance, na ɗaya gefen ya rinjaye shi, sai tsuntsun ya yi ta kewaya kamar jaki a turke.

Kuma askin nasa hawa-hawa ne, wannan ma babu wanda bai haddace ba. Akwai figa: ka cire gashin daga tushe, ba a jima ba ya sake tsirowa. Akwai datsa: ka yanke gashin a tsakiya, sai tsuntsu ya sake gashi kafin ya koma yadda yake. Akwai kuma na gaɓa, inda ake cire ƙarshen fiffiken da ƙashinsa, a danna toka mai zafi a wurin. "Wanga na gaɓa," yakan ce yana dariya, "sai dai in an tashi ƙiyama." Ya yi wa agwagi da zabi da yawa irinsa, yana yi yana hira.

Tsuntsu ɗaya ne a duniya almakashinsa bai taɓa ba. Wata tantabara ce ruwan toka mai farin goshi, yana kiranta Ƙyalla. A gidansa aka ƙyanƙyashe ta. Ranar da ya fara ajiye ta a kan toka ta tashi, Gambo ya daɗe a durƙushe yana bin tokar da ido har ta kwanta. Gammayenta biyu daidai suke kamar an auna, suna gangarowa a jere ba wanda ya riga wani watsewa. Tun daga ranar, duk tsuntsun da ya aske da ita yake gwada shi. Takan tashi da safe ta tafi inda ta ga dama, ta dawo da la'asar. In ya yi mata wani fito mai lanƙwasa biyu, sai ta sauko a kan hannunsa. An nemi saye ya ƙi. An nemi ƙwanta ya ƙi. Altine ta ce in gobara ta tashi a gidan ta san wadda za a fara fitarwa, don haka ita kusa da ƙofa take kwana.

To, akwai Mahmuda. Ɗan kawun Gambo ne, wato taubashinsa, kuma tun suna yara wasan da ke tsakaninsu bai taɓa hutawa ba. Mahmuda ya ɗauke masa hula a bainar jama'a, ya kira shi mijin kaji, ya kwaikwayi tafiyarsa da fitonsa har mutane su riƙe ciki. Al'ada ta hana Gambo fushi, shi ma kuma yana ramawa gwargwadon iyawarsa. Da aka sami mulkin kai, Mahmuda, wanda ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, ya zama sakataren jam'iyya na ƙauyen. Ya sayi tabarau. Wasan bai canza ba, sai dai yanzu in ya ɗauki abu ba ya mayarwa.

Kowace shekara bayan girbi ana yin fet, wato bikin ranar jamhuriya, a kafa rumfa, a ɗaga tuta, ƴan lakwal su yi waƙa, wani babba ya zo daga garin Dutsi ya yi jawabi. Wata shekara Mahmuda ya ji labarin cewa a manyan garuruwa har tantabaru ake saki, shi ma ya tara na gari ya sake su. Kafin makaɗa su ɗaga hannu tsuntsayen sun watse, kowace ta nufi tukunyar da take kwana a ciki. Baƙon ya ɗaga kai bai ga komai ba sai rana. Mutanen ƙauyukan kewaye suka shekara suna tambayar ƴan Tungar Ƙirya ko jamhuriyarsu ta dawo.

Da fet ta gaba ta matso, sai ga Mahmuda a gidan Gambo da hantsi.

"Salamu alaikum, mijin kaji. Ina amaren?"

"Suna gaishe ka, Sakatare. Sun ce tabaraun ga ya yi ma kyau, awa mujiya ta samu sarauta."

Mahmuda ya zauna a kan turmi. "Taubashi, magana ta kawo ni. Bara an yi muna dariya. Bana so nike tantabaru su tashi su tsaya bisa rumfa, su yi ta kewaya har baƙo shi gama jawabi. Mutane sun ce ba ka iyawa."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

Babu wasu mutane, Mahmuda dai ya san taubashinsa. Gambo ya miƙe tsaye, gemu na zubar da toka. Ya ce ba kewaya kawai ba, in Sakatare na so zai zaɓar masa hannun da za su bi. Aka tsayar da hagu.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwar Gambo. Aka tattaro masa tantabarun gari cikin kwanduna. Kowace sai ya ɗan datse bakin fiffikenta na hagu, ya gwada ta a kan toka, ya ƙara kaɗan, ya sake gwadawa. In ya rage da yawa ba za ta hau ba, in ya rage kaɗan za ta miƙe ta gudu. So yake gammon hagu ya gaza na dama da ɗan abin da zai lanƙwasa tafiyar kawai. Altine ta yi ta aron toka a maƙwabta har aka fara tambayarta ko sabulu take dafawa.

Ana jibi fet Mahmuda ya dawo duba aiki. Ya ga tsuntsaye na kewaya gidan kamar an ɗaure su da zare, ya yi murna ƙwarai. Yana cikin murnar sai idonsa ya faɗa kan Ƙyalla a bisa rumbu tana gyaran gashi.

"Waccan fa?"

"Waccan ba ta cikin lissahi."

"Ta shiga. Ita baƙo za shi saki da hannunai. Ka ga goshin? Awa an yi ta don hoto." Ya yi fiton nan mai lanƙwasa biyu, irin wanda ya shekara da shekaru yana yi don tsokana, tsuntsuwar kuwa ta sauko ta sauka a hannunsa. Ya rufe ta da tafi. "Na ɗauka, taubashi. Ka yi hushi in gani."

Gambo ya yi dariya, don dariyar ce al'ada ta bar masa. Ya ce to, a ba shi ya aske ta. Ya juya baya, ya sa ta tsakanin gwiwoyinsa, almakashi ya yi ƙas, ƙas, gashi ya zubo ƙasa. Gashin wata tantabara ne daban, yana ɓoye a tafinsa. Ya jefa Ƙyalla cikin kwando da fikafikanta cikakku. A ransa ya ce cikin tsuntsaye masu yawa haka, wa zai lura da guda?

Ranar fet aka cika fili. Baƙon ya iso cikin mota, dogo ne mai farar riga, tare da wani gardi, wato dogarin gwamnati, mai suna Jibo da ke riƙe masa kujera da bulala. Ƴan lakwal suka yi waƙarsu. Mahmuda ya ɗaga hannu aka buɗe kwanduna. Tantabaru suka tashi da tafi kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, suka hau, suka karkata hagu, suka kewayo, suka sake kewayowa a bisa rumfar. Mata suka ɗauki guɗa. Mutanen ƙauyukan kewaye da suka zo don dariya suka tsaya baki sake. Gambo, a gindin wata bishiyar bedi, ya ji kansa ya yi tsawo.

Sannan aka miƙa wa baƙo Ƙyalla. Ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya buɗe hannu. Ta tafa fikafikanta tas, ƙurar gaban rumfa ta naɗe ta yi gammaye biyu masu kyan da Gambo bai taɓa ganin irinsu ba, ta ratsa tsakiyar masu kewayawa ko waiwaye babu, ta miƙe gabas kamar kibiya. Kowa ya lura da guda.

Abin da Gambo bai sa a cikin tokarsa ba shi ne dutsen bayan gari, da shaho biyu da ke kwana a kansa. Tantabara mai cikakken fiffike takan kauce wa shaho, ta karkata nan ta karkata can. Waɗannan hagu kawai suka iya. Na farko ya faɗo daga cikin rana, aka ji bugu kamar an mari salka, gashi ya watsu. Na biyu ya jira a inda ya san za su biyo, don ko yaron goye ya san inda za su biyo. Sauran suka firgita suka ƙara bugu, ƙarin bugun kuma ya ƙara matse kewayen. Suka yi ta juyawa a wuri ɗaya har ƙarfinsu ya ƙare, suka fara faɗowa cikin taro ɗaya bayan ɗaya. Yara da karnuka suka yi musu rubdugu. Wata tsohuwa ta cusa biyu a zaninta tana cewa ai nata ne tun asali. Wani ɗan jini ya ɗiga a kafaɗar farar rigar. Baƙon ya dube shi, ya naɗe takardar jawabinsa, ya shiga mota. Gardi Jibo ne aka bari ya ji ba'asi.

A shekarun nan ana yawan zancen mutanen da ke tsallako iyaka da bindigogi, kowa na kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido, iyakar kuwa gabas take, ba nisa. Mahmuda kuwa ya ga sakatarcinsa na kewaya hagu shi ma. Zancen shaho ba shi da mai laifi. Zancen tsuntsuwar da ta fita daga hannun baƙo ta nufi ƙetare kuwa yana da shi.

"Duka anka aske," in ji Jibo, "ban da guda. Don mi? Wa taka kai ma gaisuwa?"

Aka tasa Gambo gaba zuwa gidansa, jama'a na biye, aka zaunar da shi a rana a tsakiyar filin tokarsa, aka zauna jiran tsuntsuwa. Tun da yake bai taɓa roƙon Allah kada Ƙyalla ta dawo ba sai ran nan. Da la'asar ta dawo. Ta sauka a kan rumbu, ta ga taro, ta tsaya tana karkata kai.

"Kira ta," in ji Jibo.

"Bakina ya bushe, ranka shi daɗe."

Mahmuda ya gyara tabarau. Bai dubi Gambo ba. Ya yi fiton, lanƙwasa biyu, ta sauko.

Jibo ya karɓe ta ya duba ƙafafunta, ya duba ƙarƙashin fikafikai, bai ga komai ba. Sai ya matsa jakar wuyanta inda tsuntsu ke tara tsaba, ya yi ta matsawa har ta amayo a tafinsa. Shinkafa ce. Ba a noman shinkafa a Tungar Ƙirya. Ya ɗaga tafin yana nuna wa jama'a.

Altine ta yi magana daga bakin madafa. "Yau kasuwar ƙetare ke ci, kowa ya sani. Can masu shinkafa ke zubarwa. Tsuntsu ina ya san iyaka?"

"Yau za ta sani," in ji Jibo. Ya ce shi zai tafi da tsuntsuwa da mai ita Dutsi, can akwai masu tambaya da suka fi shi haƙuri.

A nan Mahmuda ya yi abin da har ya mutu yana cewa taimako ne, kuma wataƙila taimakon ne. Ya yi dariya, irin ta wasan taubasai, ya dafa kafaɗar gardin. "Haba Jibo, ka kai mijin kaji Dutsi ka ce mi? Su yi muna dariya can ma? Wanzami ne, ya manta kai guda bai aske ba. Shi aske ta nan gabanmu, magana ta ƙare."

Aka miƙa wa Gambo tsuntsuwarsa. Zuciyarta na bugawa a tafinsa. Ya ja fiffiken dama ya buɗe, ya ɗora almakashi a tsakiyar gashin, a ransa yana lissafin lokacin da za ta sake sabo.

"A'a, taubashi," in ji Mahmuda. "Wanga datsa ce. Tana sake gashi ta koma kasuwarta. Kai da bakinka ka koya muna."

"Na gaɓa!" wani ya faɗa daga baya. "Na tashin ƙiyama!" Aka yi dariya, don kowa ya san karatun, kowa ya sha jinsa a kasuwa.

Gambo ya dubi fuskokin. Babu wanda bai taɓa yi wa aiki ba a cikinsu. Ya ce da Altine ta ɗebo toka mai zafi. Ta ɗebo a kasko ta ajiye, ta koma ɗaki ta saki labule. Ya laluba da babban yatsa ya sami gaɓar, don hannunsa ba ya kuskure ko yana so. Wannan karon dai bai yi hira ba.

Ƙyalla ba ta mutu ba, aikin gwani ne. Ta rayu shekaru a tsakar gidan tana tafiya a ƙasa cikin kaji, su tsattsage ta in ta matso kusa da tsaba. Sana'ar Gambo kuwa sai ta ƙara kasuwa, don labarin tsuntsayen da suka kewaya rumfa ya kai har Sukukutane, kuma masu ba da shi sukan tsaya kafin shaho. Mahmuda ya riƙe sakatarcinsa. Fet ta gaba tuta kawai aka ɗaga. Ya ci gaba da zuwa gidan yana kiran mijin kaji, Gambo na amsawa, don al'ada ba ta ba shi wata hanya ba. Fiton ne dai ba wanda ya sake yi a cikinsu.

Gambo bai ƙara rairaye toka ba, ya ce idonsa ya riga ya haddace. Gemunsa ya yi baƙi na ɗan lokaci kafin furfurar gaskiya ta zo. Sai dai kowace safiya, in sauran tantabaru suka tafa suka tashi, Ƙyalla takan ruga tsakiyar tsohon filin ta buga nata. Fiffiken hagu ya naɗa gammonsa cikakke a cikin ƙura, mai kyau kamar da, ita kuma ta juya a wuri ɗaya ta faɗi a gefenta. Altine ta lura a daidai wannan lokacin ne kullum maigidan ke tuna yana da abin dubawa a bayan rumbu.